Wadda Wuta Ba Ta Taɓa Ba

Gobarar ta tashi ne ranar Talata bayan azahar, a gidan Tanimu mai jirgi da ke Yelwa, kusa da bakin gulbi. Tanimu yana kan ruwa da fasinjoji. Matarsa ta tsallaka maƙwabta barkar haihuwa. 'Ya'yansu biyu ne kaɗai a gida: Firdausi, 'yar fari, mai shekara goma sha huɗu, tana tsakar gida tana tsince wake, sai ƙanwarta Zulai'atu, mai shekara takwas, kwance a ɗaki da zazzaɓi.

Jarkokin fetur na injin jirgi suna cikin ɗan ɗakin ajiya da ke manne da madafa. Har yau ba wanda ya san takamaiman yadda wuta ta kai gare su. Firdausi dai ta ji wata ƙara mai nauyi, ta waiga, ta ga wuta tana malalowa a ƙasa tana hawa bango. Ƙofar fita tana bayanta, taku biyar ne. Ba ta nufe ta ba, ɗakin da Zulai take ta faɗa.

Hayaƙi ya riga ta shiga. Ba ta ganin komai, da tarin yarinyar ta gane inda take. Silin roba ya fara narkewa yana ɗigowa, wani ya zubo wa Zulai a hannun hagu da kafaɗa. Firdausi ta laluba ta kamo ƙafarta, ta ja ta a ƙasa har tsakar gida. A nan Shamsuddeen mai shagon ƙofar gida ya shigo da gudu, ya sunkuci Zulai ya yi waje da ita. Mutanen da suka taru shi suka gani ɗauke da yarinya, don haka kafin la'asar duk unguwa ta ɗauka cewa shi ya ciro ta daga wuta. Firdausi ta fito daga baya da ƙafarta, gefen hijabinta ya babbake, ba ta iya magana.

Ɗakuna uku suka ƙone ƙurmus. Zulai ta yi sati uku a asibiti.

A cikin satuttukan nan ne abin ya soma. Kullum ɗakin majinyata cike yake da 'yan dubiya, kowa da abin da ya riƙo: lemo, madara, farfesun kaza, yadi, wata har da 'yar tsana. Aikin Firdausi shi ne ta karɓa ta jera a ƙarƙashin gado. In mata sun gama jajanta wa Inna, sun shafa kan Zulai, sai su juyo su dube ta sama da ƙasa.

"Ke kam Allah ya tsare ki. Ko ƙwarzane babu."

Sai ta ce, "Alhamdu lillahi," don shi ake so ta ce.

Ita 'yar fari ce, ta saba da kawaicin iyaye. Inna ba ta kiran sunanta, sai dai "ke". Baba ma haka. Da can abin bai dame ta ba, ta san al'ada ce. Amma yanzu sai ga Baba, mutumin da bai taɓa zama ya ci abinci da su ba, yana dawowa daga ruwa ya zauna a bakin gado, ya yayyaga nama ƙanana yana sa wa Zulai a baki, yana hura mata in da zafi. Firdausi tana tsaye jikin bango riƙe da kwanon wanke hannu. Ta san ƙanwarta na shan azaba, tana jin ihunta duk safiya in za a wanke ƙunar. Duk da haka, in ta ga hannun Baba yana kai nama bakin Zulai, sai ta ji ta tsani yarinyar, ta kuma tsani kanta saboda tsanar.

Da aka sallame su, ba gidan da za su koma. Suka tattara abin da mutane suka taimaka da shi suka tafi Wara, wurin Gwaggo Mairo, yayar Baba, wadda ta ba su ɗaki biyu har a gyara na Yelwa. Baba ya mayar da jirginsa can, ya riƙa ɗaukar 'yan kasuwa zuwa ƙauyukan tsallake.

Sana'ar Gwaggo Mairo banda ce. A bayan gidanta akwai gangunan ƙarfe shida da aka yanke, an ɗora musu raga, kullum tarwaɗa da karfasa na kai, itace na ci a hankali a ƙasa. Gidan duka ƙauri yake yi, har tufafi, har ruwan randa.

Ranar da suka sauka, Firdausi na shiga zaure ta ji warin. Zuciyarta ta hau bugu har tana jin ta a kunne. Ta koma waje ta durƙusa ta yi amai. Aka ce wahalar mota ce.

Ba mota ba ce. Kwana ya yi ta tafiya, abin bai ragu ba. In aka hura murhu sai ta bar wurin. Duk ɗakin da ta shiga sai ta fara duba ƙofa, ta zauna kusa da ita. Barci ba ya riƙe ta, motsi kaɗan ta farka tana shinshina iska. A sabuwar makarantar da aka sa su, ita da take ta uku a ajinsu na Yelwa, sai malami ya yi ta bayani tana kallon silin tana lissafin ko na roba ne.

Zulai ma tana tsoron wuta. In aka ƙyasta ashana kusa da ita sai ta ƙwala ihu, nan take Inna ta rungume ta, Gwaggo ta hau faɗa da wanda ya ƙyasta. Aka hana kowa kunna wuta a gabanta. Aka ba ta ɗakin da ya fi nisa da banda, da katifa sabuwa.

Na Firdausi kuwa wani suna aka ba shi.

"Wagga ɗiya taku ƙyuya gare ta," in ji Gwaggo Mairo, tana gaya wa Inna a gabanta. "In ka ce ta tahi ɗibar ruwa, ta tahi da gudu. In ka ce ta iza wuta, sai ciwon kai. Ita da lahiyarta lau, mi ya same ta?"

Inna ta harare ta. "Ke, kin jiya ko? Kar ki ba ni kunya gidan mutane."

Firdausi ta sunkuyar da kai. Da za ta iya, da ta faɗa. Amma me za ta nuna? Zulai tana da hannu a naɗe, kowa ya gani ya san inda ke mata ciwo. Ita ba ta da abin nunawa.

Sai ta fara ramawa a ɓoye. In Baba ya kawo wa Zulai tsire ya ce ta miƙa mata, sai ta zare tsoka biyu a zaure ta haɗiye ko taunawa ba ta yi sosai. In an sa ta shafa mata man ƙuna, sai ta danna yatsa fiye da kima, in yarinyar ta yi ƙara ta ce kuskure ne. 'Yar tsanar nan ta asibiti ta ɗauke ta ta cusa a bayan buhunan gawayi, ta zauna tana kallo ana ta nema, Zulai na kuka. Ba ta ji daɗin ko ɗaya ba, kuma ba ta daina ba.

Bayan an kwance bandejin, fatar hannun Zulai ta fito a tattare, wani wuri baƙi wani wuri ja. Yaran makaranta suka laƙaba mata suna, Zulai Banda. Firdausi ta ji da kunnenta a hanyar komawa gida, 'yan mata uku suna rerawa suna tafi. Ta san abin da ya kamace ta a matsayin babba. Amma ta rage tafiya, ta yi kamar tana gyara takalmi, har suka gaji suka watse. A ranta akwai wani ɗan sanyi da ta ji, wanda ya hana ta cin tuwo a ranar.

Wata Asabar da hantsi, Inna da Gwaggo sun fita, Firdausi na share ɗakin Zulai ta ga ragowar bandeji a cikin leda. Ta daɗe tana juya shi. Sai ta zauna a bakin katifa ta naɗe hannunta na hagu tun daga wuyan hannu har gwiwa, ta soke bakin. Ta ɗauko ɗan madubi ta jingina da bango, ta langaɓe kai yadda Zulai ke yi in baƙi sun zo. Ta ce a hankali, da muryar manyan mata, "Sannu ɗiyata, sannu. Ya jikin?"

"Yaya, mi kike yi?"

Zulai ce tsaye a bakin ƙofa. Firdausi ta hau warware bandejin da sauri, ya harɗe.

"Ba ruwanki. Hita."

Zulai ba ta fita ba. Ta shigo ta zauna a ƙasa, tana kallon hannun yayarta yana fitowa daga cikin farin ƙyallen, sumul.

"Da ni ce da hannunki," in ji ta, "ko tsire ba ni so."

Firdausi ta tsaya.

"Na san kina cinye min. Ban faɗa ba." Ta ja hannun rigarta ta rufe tabon. "Kuma na san ke kika jawo ni, ba Shamsuddeen ba. Na tuna. Kin kama ni a ƙafa, kaina yana bugun dokin ƙofa."

"To mi ya hana ki faɗi?"

"Ba wanda ya tambaye ni. Kullum sai dai ya jiki."

Firdausi ta so ta rungume ta. Abin da ya fito daga bakinta daban ne. "Ai kin ji daɗi. Kowa ke, komai ke." Ta jefar da bandejin ta fice, ta bar yarinyar zaune.

Ranar kasuwar Wara da ta biyo baya, masunta suka shigo da kifi da yawa. Inna ta kai Zulai asibiti a duba hannun. Gwaggo Mairo ta cika gangunan shida da tarwaɗa, aka aiko mata cewa wani jirgin ya iso, in ba ta hanzarta ba wasu za su kwashe. Ta yafa gyale ta kira Firdausi.

"Yau kam ba ciwon kai. Tsaya nan ki duba min. In wuta ta taso ki yayyafa ruwa, ki janye itace. Yanzu zan dawo."

"Gwaggo, don Allah ki bari in tahi bakin gulbin, ke ki tsaya."

"Ke kika san cinikin kihi? Tsaya inda na aje ki."

Ta tsaya. Ta toshe hanci da hijabi, ta riƙe kofin ruwa, ta ƙura wa gangunan ido daga nesa. Ta yi kusan rabin awa a haka, gumi na bin bayanta. Sai man tarwaɗa ya ɗiga a garwashin ganga ta uku, harshen wuta ya yi tsalle ya lashi ragar. Abu ne da Gwaggo ke kashewa da tafin ruwa ɗaya tana hira. Firdausi ba ta ga ganga ba. Silin ta gani yana ɗigowa, ta ji tarin Zulai. Kofin ya faɗi.

Ba ta san ta fita daga gida ba. Ta ratsa layin masu gishiri, ta ratsa masu albasa, ba takalmi, mutane na kaucewa. Ta gangara bakin gulbi ta faɗa ruwa da kayanta, ta yi ta kutsawa har ya kawo mata ƙirji. A nan ta tsaya, tana karkarwa, haƙoranta na haɗuwa da rana tsaka.

Mata masu wankin kifi suka yi ta kiranta, ba ta waiga ba. Wani ya gane ta ya ce ɗiyar Tanimu ce. Jirgin Tanimu kuwa yana daf da tashi, an gama lodi. Ya bar fasinjojin, ya karɓi ƙaramin kwale-kwale a hannun wani masunci, ya tuƙa ya iso inda take. Ya kama ta ta hammata ya ɗago ta ciki. Maimakon ya juya gaɓa inda jama'a suka yi cincirindo, sai ya ƙara turawa cikin ruwa, har hayaniyar ta yi nisa. Ya ajiye filafili.

"Mi ya kai ki ruwa?"

Ta kau da kai.

"Wani ya buge ki?"

Ta girgiza kai. Can ta ce, "Wuta ta tashi a banda."

Ya waiga wajen gari. Hayaƙi ne siriri kamar na kullum. "Wanga ɗan abu? Shi ya sa kika..."

"Baba, ni ma ina cikin ɗakin."

Bai gane ba da farko. Ta sake faɗa, muryarta na tsinkewa. Daga nan maganar ta ɓalle. Ta gaya masa ƙarar da ta ji, da ƙofar da ta bari a bayanta, da yadda ta laluba ta kamo ƙafar Zulai. Ta gaya masa amai, da rashin barci, da silin makaranta. Har tsiren ta faɗa, da 'yar tsana, da ranar da ta tsaya gyaran takalmi.

"Na so a ce ni wutar ta ƙona," in ji ta a ƙarshe. "Da kun gani."

Tanimu ya gyara zama. Mutum ne da bai saba magana da 'ya'ya mata ba, balle 'yar fari. Ya cire hularsa ya mayar.

"An ce min Shamsuddeen ne."

"A tsakar gida ya same mu."

Ya gyaɗa kai a hankali. Sai ya miƙo hannuwansa biyu ya buɗe mata. "Kin ga waɗanga? Duk safiya in zan zuba wa inji mai, rawa suke. Sai na zubar da rabi a ruwa. Ni na aje jarkokin nan a gida. Innarku ta yi magana sau biyu, na ce ba komai." Ya sauke hannun. "In na dubi Zulai, laifina nake gani, shi ya sa ba ni iya ɗauke ido daga kanta. Ke kuwa na ɗauka Allah ya bar min ɗaya da ban cuta ba. Ban so in duba da kyau ba, Firdausi."

Ta rufe fuska da jiƙaƙƙen hijabinta ta yi kuka mai yawa, irin wanda ba ta yi ba tun ranar gobarar. Bai hana ta ba. Sai da ta yi shiru don kanta ya ɗauki filafili.

Kifin ganga biyu ya ƙone kafin maƙwabciya ta lura. Gwaggo Mairo ta yi faɗa har muryarta ta dushe, Tanimu ya bar ta ta gama, sannan ya kira ta da Inna cikin ɗaki ya rufe ƙofa. Firdausi ba ta ji abin da aka ce ba. Da suka fito, Inna ba ta dube ta ba, amma da yamma ta kira ta ta zaunar da ita tsakanin ƙafafunta ta tsefe mata kai, ta yi mata kitso da kanta. Gwaggo kuwa ba ta sauka daga ra'ayinta gaba ɗaya ba. Ta ce su a zamaninsu ba su san wannan ciwo ba. Duk da haka ta sauya mata aiki, ta mayar da ita bakin gulbi wurin fasa kifi da wankewa, inda iska ke kaɗawa.

Da lokacin komawa asibiti ya yi, Tanimu ya ce a tafi da su biyu. Nas ɗin da ke duba Zulai, wata dattijuwa mai suna Laraba, ta saurari Firdausi ita kaɗai. Ta ce mata ta sha ganin haka ga waɗanda suka tsira daga gobara ko kifewar jirgi, ba hauka ba ne, ba aljanu ba ne, kuma yana sauƙi in ana faɗinsa. Ta koya mata yadda za ta riƙa jan numfashi in bugun zuciyar ya taso, ta ce ta riƙa zuwa duk sati biyu.

Kishin bai tafi lokaci ɗaya ba. Baƙi ba su fasa wuce ta su nufi Zulai ba, kuma wani lokaci abin yana sukar ta kamar da. Sai dai ta fito da 'yar tsanar ta wanke ta ajiye a kan katifa, kuma da 'yan matan nan suka sake rera waƙarsu a hanya, ta kama babbar cikinsu ta tura ta cikin kwata, har uwar yarinyar ta kawo ƙara gida.

Bayan wata biyu Tanimu ya samu lodin da zai kai Yelwa, ya ce zai duba aikin gida, Firdausi ta shirya ta raka shi. Zulai ta ɗauko takalmanta ita ma.

"Yau da yayarki zan tahi," in ji shi. "Ke wani zuwan."

Zulai ta tsaya a gaɓa ta cika baki da iska, hawaye na zuba. Firdausi ta zauna a gaban jirgi tana kallonta tana ƙanƙancewa, kuma ba ta ɓoye wa kanta ba, daɗi ta ji.

A Yelwa an ɗora sabon kwano, an yi wa bango yaɓe, amma ta kasa wuce zaure. Baba bai matsa mata ba. Ya shiga shi kaɗai, ya fito ya gaya mata inda aka mayar da madafa, can ƙarshen gida, ya kuma ce silin katako za a sa.

A hanyar dawowa jirgin cike yake da buhunan albasa da mata 'yan kasuwa masu hira da ƙarfi. Firdausi ta jingina da wani buhu, iska na dukan fuskarta, ba ta san lokacin da barci ya kwashe ta ba. Tanimu ya ɗaga hannu ya roƙi matan su sassauta murya. Ba ta farka ba sai da jirgi ya daki gaɓar Wara. Zulai ta yi kwana biyu ba ta yi mata magana ba, a na uku ta zo ta zauna kusa da ita a bakin gulbi, ta tambaye ta ko bishiyar gwandar tsakar gidansu ta tsira.